Turancin Mutumin Ƙarfe da Rumbun Kakana

Jikokina a waya suke kallon fim yanzu, sun haɗa kawuna a kan tabarma guda kamar kaji sun sami tsaba. Irin finafinan nan ne na masu yawo tsakanin taurari, sai dai wani ya riga ya juya musu shi da Hausa, yana ta surutu a kan muryar masu fim ɗin, har da ba'a da kirari. Babu kalmar da za ta tsaya musu a maƙogwaro su wuni suna juya ta. Ni kuwa da na ji ƙarar nan ta tashin kumbo, sai in ɗauki butata in koma zaure. Suna tsammanin tsufa ne ya sa ba na son hayaniya, na kuwa bar su a haka. A zauren ma ba hutawa nake yi ba, domin ta ƙofar gidana ake wucewa daga tasha, kuma shekarun nan ba a rasa mutanen ƙauyukanmu na ƙasar Maradun, mata da yara da ƙunshin kaya a ka, sun baro gida saboda rashin kwanciyar hankali. In na dube su sai in tuna mu ma mun taɓa tashi. Namu tashin da mota aka yi shi, da rana tsaka, an kuma gaya mana tun da wuri, amma duk da haka bai bar ni ba har yau.

Ƙauyenmu yana bakin gulbi ne, sama da inda aka gina madatsar Bakolori. Rayuwarmu duka a kan zuwan ruwa da komawarsa take. In damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya hau fadama, ya shanye gonakin shinkafa har sai kan ganye kawai ake hange. Wata shekarar ya shigo unguwar ƙasa, mutane su naɗe tabarmi su hau tudu wajen dangi, ana raha, yara na kama tarwaɗa a tsakar gidan da aka bari. Sa'an nan ya janye. Kullum yana janyewa. Ya bar mana baƙar laka mai taushi, mu bi bayansa da dashen albasa da taba da dankali. Har yanzu in na rufe ido ina jin kukan kwaɗi bayan magariba, da ƙarar jigo yana ɗebo ruwa da rani, da luguden mata daga gida zuwa gida. Aikina shi ne korar tsuntsaye a gonar shinkafa. Ana ɗaura gwangwanaye a doguwar igiya, in zauna a kan ɗan dandamali ina ja. Da hannu ɗaya nake jan igiyar, ɗayan yana riƙe da littafi, kuma sau da yawa tsuntsaye sun ƙoshi kafin in kai ƙarshen shafi.

Kakana, wanda muke kira Baba Tsoho, shi ne maigidan gandunmu. Babana da ƙannensa duk a ƙarƙashinsa suke noma, hatsin kuma wuri guda ake tara shi, a rumbunan da ke kan tudu bayan gida. Akwai ƙanana da ake ci daga cikinsu, akwai babba guda na laka wanda ba a taɓa shi sai damina ta kankama, abinci ya yi wuya. Shi kaɗai ke cewa a buɗe. A wajenmu, gidan da ya fasa babban rumbu kafin lokaci ya nuna wa gari cewa ya gaza, kuma za a daɗe ana faɗi. Tudun nan kuwa, a faɗar Baba Tsoho, ruwa bai taɓa hawansa ba a zamaninsa, bai hau ba a zamanin ubansa, kuma ya san gulbin tun kafin ya yi haƙori.

Shi mutum ne mai kwarjini, 'ya'yansa ba su haɗa ido da shi, amma da jikoki wani mutum ne daban. Kowa ya san wasan kaka da jika. 'Yan'uwana sukan fizge masa hula, su kira shi rago, su ce sun ƙwace kakarmu, shi kuma ya bi su da sanda yana dariya. Ni kaɗai ne ban iya ba. In na zo gaishe shi sai in durƙusa nesa, muryata ba ta fita. Ya kan ce, “Ku dubi abokin takarata. Wai wanga za ya ƙwace min mata, ko sallama bai iya ba.” Sai in sunkuyar da kai in yi murmushi, in tashi.

Da aka kai ni makarantar kwana a Talata Mafara, aikin madatsa ya riga ya kankama. Garin ya cika da manyan motoci da baƙin fuskoki, Turawa da mutanen kudu da 'yan ƙasashen maƙwabta, ga gidajen kwano sun tsiro inda da saura ce, gonakin da aka daina nomawa. Malaminmu na Turanci wani saurayi ne daga kudu da ya zo bautar ƙasa, siriri, mai yawan gumi, yana koyon Hausa da ƙarfin hali. Ya lura muna haddace littafi amma in aka yi mana magana sai mu yi zuru. Ban san yadda ya yi ba, ya dai ƙulla abota da mai kula da ɗakin shaƙatawar ma'aikatan kamfani, ya aro na'urar majigi da fim guda a cikin faffaɗan gwangwanaye. Fim ɗaya tak, shi muka yi ta kallo duk ranar Asabar da rana har zangon karatu ya ƙare. Mukan toshe tagogin ɗakin cin abinci da barguna, injin wuta na ruri a waje, zafi kamar a gasa mutum, warin miyar rana bai gama fita ba.

Labarin wasu mutane ne a wata duniya da ranarsu ta fara mutuwa. Sanyi yana cin garuruwansu ɗaya bayan ɗaya, sai suka gina ƙaton kumbo suka shiga domin neman wata duniyar. Mutanen cikin fim ɗin da sauri suke magana, ta hanci, ba mu kama komai. Amma akwai wani mutum-mutumin ƙarfe mai kula da kumbon, shi kuwa kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, a hankali, ba hawa ba sauka, kuma yana maimaitawa. Shi ne ainihin malaminmu. In ya faɗi wata kalma, malam ya kashe na'urar, ya ɗaga bargo ɗaya don haske, ya rubuta ta a allo, ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe, “Jama'a, yaya ku kuna faɗi wannan?” Sai ciniki ya tashi, ya ba mu tasa mu ba shi tamu. Da aka zo kan evacuate, wasu suka ce ƙaura, wasu suka ce gudu, aka tsaya a kan kwashe mutane daga wuri baki ɗaya. Da aka zo kan permanent, wani ya ce har abada, sai wani ɗan gidan malamai daga Bakura ya miƙe ya ce a'a, babu abin da ke har abada sai Allah, kada a sa mu saɓo saboda majigi. Aka yi ta gardama har injin wuta ya mutu don kansa. Malam ya share gumi ya ce to, a ce abin da ba a yi shi don ya koma ba.

Ni ba na shiga gardama. Ina can gefe kusa da na'urar, ina kallon bakin mutumin ƙarfe da ba ya motsi, ina maimaitawa a zuci. Kalmar da na kama ranar Asabar, da ita nake wanki, da ita nake shara, ina jujjuya ta har sai na tabbata na san inda kowane harafi yake zaune. Da na fara buɗe baki a aji, ashe da muryarsa nake magana, ɗaya-ɗaya, ba hawa ba sauka. Ajin ya fashe da dariya, daga ranar sunana ya koma Ƙarfe. Ban ji haushi sosai ba. A ganina kalmomin nan na wata duniya ne, na masu fararen kaya da taurari, abin ado ne da mutum zai ajiye don ranar jarrabawa. Yaran yanzu suna da kalmomi fiye da namu nesa ba kusa ba, suna zubar da su kamar ɓawon gyaɗa. Mu kaɗan muka samu, shi ya sa kowace ta zauna da nauyinta.

Gab da hutun bazara aka kai mu ganin madatsa. Na sha jin labarinta, domin babana yana cikin leburorin da ke aiki a can, amma ji daban, gani daban. Ganuwa ce da ta tare kwarin gaba ɗaya, motocin da ke kanta kamar ƙwari. Wani injiniya mai hular kwano ya tsaya yana yi mana bayani da Turanci. Ya nuna yamma, ya ce ta can magudanan ruwa za su bi, mutanen Mafara da Bakura su yi noma rani da damina. Yaran can suka yi tafi. Sa'an nan ya juya ya share ɗaya gefen da hannu, gefenmu, ya ci gaba da magana da sauri. Ban kama yawancinta ba, amma kalma ɗaya ta fito fes kamar an kira sunana: evacuate. Na san za a tashe mu, kowa ya sani, hakimi ya aiko tun bara. Abin da ban taɓa yi ba shi ne haɗa tashinmu da na mutanen kumbo.

Ban san lokacin da hannuna ya ɗaga ba. Malam ya dube ni da mamaki. Na tambayi injiniyan, da muryar nan tawa ta ƙarfe, yaushe ruwan zai koma. Wasu suka fara ƙyaƙyata dariya. Shi bai yi ba. Ya ce ba zai koma ba, tafki ne, ya ƙara da kalmar nan ta biyu, permanent. Na sake tambaya ko zai hau tudu. Ya tambayi sunan ƙauyenmu, na faɗa, ya ɗaga hannunsa sama da hularsa ya riƙe shi a can. A motar komawa ana ta waƙa, ni kuwa ina ta juya kalmomin nan biyu a zuci.

Da na isa gida hutu, na tarar an sa ranar da motocin kamfani za su zo kwasar kaya. Zuwa ɗaya za su yi wa kowace unguwa, abin da bai hau ba ya zauna. Baba Tsoho ya yarda mutane su tashi tunda hukuma ta ce, amma ya yanke cewa babban rumbu ba za a taɓa shi ba. Sabon wurin babu rumbu, in an zube hatsi a ƙasa gara da ɓeraye za su cinye, ga kunyar fasa shi da bazara a idon gari. In ruwa ya janye bayan damina, sai a dawo a ɗiba, a kuma bi laka da albasa kamar kullum. Yawancin dattawan ƙauyen haka suka shirya. Ba wauta ba ce. Duk abin da suka sani game da ruwa shi ya gaya musu haka. A cikin rumbun nan kuwa abincin gidanmu na damina duka yake, tun daga tsofaffi har jarirai.

Babana ya san gaskiya, da hannunsa ya ɗauki dutsen ganuwar. Amma ɗa ba ya ce wa ubansa ka yi kuskure, balle a kan rumbu. Ni kuma ɗan fari ne, saboda haka tsakanina da shi akwai kunya. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama ya yi hira da ni ba. Ranar Juma'a da ya dawo daga aiki, ina zaune a inuwar danga da littafi, sai ya zo ya tsuguna kusa, ya ba ni baya, yana gyaran akumarin jaki. Ya daɗe yana ɗinki. Can sai ya ce, kamar da jakin yake, “Ruwan ga ba irin wanda munka sani ba ne.” Ya ja zare. “Da a ce gidan ga akwai mai wasa da tsoho, da ya hwaɗa mishi. Jika ba ya laihi.” Ya ɗauki akumarinsa ya tafi, bai waiwayo ba. Sauran jikokin ƙanana ne, ba wanda ya ga ganuwar sai ni. Tunda nake, wannan ne abu na farko da babana ya roƙe ni, kuma abin da na fi kasawa ne a duniya.

Washegari bayan la'asar Baba Tsoho yana ƙofar zaure yana tufkar igiya, ya danne bakinta da babban yatsan ƙafa. Babana da ƙaninsa suna gefe a ƙasa, ga wani tsoho maƙwabcinmu, abokinsa tun na yarinta. Kakarmu tana daga cikin zaure tana kaɗi. Na zo na wuce inda na saba durƙusawa. Na miƙa hannu na cire masa hula na ɗora a kaina. Ta faɗo mini har ido.

Sai kakarmu ta rangaɗa guɗa daga ciki. “Ayyururui! Yau angona ya yi baki!”

“La ilaha illallahu,” in ji Baba Tsoho, yana shafa ƙoƙon kansa. “Bebe ya tashi. Mi kaka so, ɓarawon hula?”

“Matata na zo ɗauka, tsoho. Ka tsufa, ba ka iya riƙon ta.” Muryata ta fito ɗaya-ɗaya, kamar a aji.

Maƙwabcin ya yi dariya har da tari. Baba Tsoho ya ce, “To ɗauke ta, ta ishe ni da ci. Da mi za ka ciyar da ita? Takarda za ka dama mata?”

“Da hatsinka na yi niyya. Sai na ji ka ba kifi.”

Dariyar ta tsaya. Ƙanin babana ya ɗago kai da sauri, babana kuwa ƙasa yake kallo. Baba Tsoho ya ci gaba da murza igiya a cinyarsa. Ya ce, “Zauna. Tunda ka ɗauki hula, sai ka yi maganar manya.”

Ban san ta inda zan fara ba, sai na fara da abin da na fi sani. Na ba shi labarin mutanen da ranarsu ta mutu, da kumbon da suka gina, da mutumin ƙarfe mai gaya musu su fita, su fita duka. Maƙwabcin ya ce, “Majigi! Yaro ya ga inuwa ga bango, za ya koya muna gulbi.” Baba Tsoho ya ɗaga masa hannu. Shi mai son labari ne, kuma tambayoyinsa na manomi ne. Ana noma a can? Na ce ana yi. Suna da sarki? Na ce mace ce. Ya ce shi ya sa rana ta mutu, kakarmu ta jefo masa zagi daga zaure. Sa'an nan ya ce, “Da sunka tashi, mi sunka ɗauka?”

Na lissafa abin da na tuna: yara, magunguna, littattafai, da wani ɗaki na gilashi cike da ƙananan kwalabe, kowace da ƙwayar shuka a ciki.

Hannunsa ya tsaya a kan igiyar. “Iri?”

“Iri, tsoho. Na kowane abu.”

“Duka sunka kwashe? Ba su bar ko kaɗan ga rumbu ba?”

“Ba su bari ba.”

“To waɗannan ba su da niyyar komowa,” ya faɗa a hankali, kamar da kansa yake.

Na ce kalmar da mutumin ƙarfe ya faɗa musu, ita mai hular kwano ya faɗa a kan ganuwa, yana nuna gefenmu. Na ce na tambaye shi yaushe ruwa zai koma.

“Kai ka tambaye shi? Da bakinka?”

“Da bakina.”

“Kai da ba ka iya amsa sallamar mai tallan nono?”

“Ni, tsoho.”

“Mi yac ce?”

Na faɗi kalmar nan ta biyu da Turanci, na ce ma'anarta abin da ba a yi shi don ya koma ba. Na miƙe na ɗaga hannuna sama da hular, yadda injiniyan ya yi, na ce nan ruwa zai kai a kan tudunmu. Ya sa na maimaita kalmar. Ya gwada ta a bakinsa, ta fito a karkace, ba wanda ya yi dariya. Ya daɗe yana duban babana, wanda har lokacin bai ɗago ba. Sai ya ce, “Kai, yaron ga naka ya iya wasa.” Ya miƙo hannu, na cire hular na ba shi, ya tashi ya shiga alwala.

Bai ƙara tayar da zancen rumbu ba har ranar motoci. Mata suna ɗaure kaya suna share hawaye, babana yana kai da komo kamar wanda ƙaya ta soka, ni kuma na tabbata na ɓata wasan, na ci mutuncin tsoho a gaban abokinsa a banza. Da hantsi, an fara loda gadaje da turame, sai muka ji muryarsa daga tudu yana cewa a kawo tsani. Da kansa ya hau, 'ya'yansa suna riƙe da ƙafar tsanin, ya ture jinkar rumbun, ya fasa liƙin laka da ƙotar fartanya. Ya leƙo ƙasa ya ce, “Ina ɓarawon hula? Kai ka jawo, kai za ka shiga.” Aka zura ni ciki. Duhu, da ɗumi, da ƙanshin gero da ya kwana biyu a rufe. Na yi ta miƙo dammuna sama har ƙaiƙayi ya cinye mini wuya. A can ƙasa na tarar da wani tulu da aka liƙe bakinsa. Da na miƙa shi, Baba Tsoho bai ba kowa ba. Irin shinkafarmu ce ta fadama, mai tsawo tana bin ruwa duk inda ya kai, wadda ya gada daga ubansa.

Mutane sun taru suna kallo. Ina jin maƙwabcinmu daga ciki yana cewa, “Haba, kai ma? Da bazara? Yara sunka juya ka?” Baba Tsoho ya ce, “Wasa munka yi da jikana, ya ci ni. Mi zan yi?” Gidaje kaɗan suka bi mu, don in shi ya fasa, kunyar ta ragu. Da yawa ba su bi ba. A cikin mota yana zaune a kan dammuna, tulun a cinyarsa, bai waiwayi ƙauyen ba, don ina jin har lokacin rabin zuciyarsa na cewa yaro ne kawai ya ga inuwa a bango.

Inda aka sauke mu tudu ne mai tsakuwa, an yanka filaye a jere, babu inuwa, ruwan sha da nisa. Damina ta sauka, gulbi ya cika kamar kullum, ya hau fadama, ya shiga unguwar ƙasa. Sa'an nan ya ci gaba. Ya shanye masallaci, ya shanye maƙabarta, ya hau tudu. Waɗanda suka je da jirgin kwalekwale suka ce rumbunan da aka bari sun jiƙe sun zauna, jinkayensu na yawo a kan ruwa. Daminar nan gidaje da yawa sun sha wuya. Maƙwabcinmu bai zo da kansa ba, matarsa ya aiko da ƙwarya a rufe, Baba Tsoho ya cika mata. Mun ci hatsinmu, ba wanda ya kwana da yunwa a gidanmu, amma ban taɓa jin na ci wata nasara ba. Daga baya na yi shekaru ina koyar da Turanci, na rubuta kalmomin nan biyu a alluna da yawa, kuma duk lokacin sai in ga yara na kwafa da sauri suna jiran a tashi.

Da kaka ta wuce, Baba Tsoho ya fara zuwa bakin tafkin. Ya kan kafa kara a gaɓa, yadda ya saba yi da ambaliya, ya koma ya duba. Da rani ya yi nisa ruwan ya ɗan ja baya, tsohon ya dawo gida da fara'a yana cewa a gaya wa Ƙarfe, don sunan ya biyo ni har gida. Amma ruwan ya tsaya can nesa, ko kan tsamiyar ƙofar gidanmu bai fito ba, damina ta zo ta mayar da shi inda yake. Baba Tsoho ya gwada shinkafar tulun a wani ɗan kwari bayan sabon gari, ta fito ta yi rawaya ta bushe. Ba ƙasarta ba ce. Ya mayar da sauran cikin tulu ya liƙe.

A hutun rani na gaba ya ce in raka shi. Ƙafarsa ta fara nauyi, yana dafa kafaɗata. Muka zauna a kan wani dutse muna duban ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga karansa na bara can cikin ruwa ya ruɓe. Bai kafa sabo ba. Can sai ya ce, “Mutanen nan naka na majigi. Sun isa?”

Na so in ce sun isa. Ba wanda zai ƙaryata ni. Amma na kalli fim ɗin har na haddace shi, kuma ban iya ƙara abin da babu. Na ce, “Suna kan hanya aka ƙare, tsoho. Ba a nuna ba.”

“Irin fa?”

“Yana cikin kwalabe.”

Ya gyaɗa kai. “Iri ba ya jira haka nan. Shina mutuwa cikin tulu, ba ka sani ba sai ka shuka.” Ya dafa ni ya miƙe. “Mu tahi gida.”

Da muka isa ya ɗauko tulun da kansa, ya fasa liƙin, ya juye a faifai a gaban kakarmu. Ta dube shi, ta dubi shinkafar, ba ta taɓa ba. Ya ce, “Surhwa ta ki dahwa wa angonki. Shi ya ci wasa.” Ta surfa ta a turmi ita kaɗai, ba ta bar kowa ya kama mata ba. Da magariba aka kawo akushi, jar shinkafa da man shanu, ƙanshinta ya cika sabon gidan da bai taɓa saninta ba. Ya sa aka kira babana da ƙannensa da dukan jikoki, har na goye aka lasa musu. Shi bai sa hannu ba. Ya turo akushin gabana ya ce, “Ci da kyau, Ƙarfe. In an tambaye ka yadda take, kai ne mai kalmomi.”

Na ci. Ina taunawa a hankali, ina neman kalmar, da Hausa da Turanci, har akushin ya ƙare ban samu ba.